Kafin A Kafa Hujja Da Adadi, A Tambayi Wanda Ya Ƙirga

Jama'a, akwai wata al'ada da ta shigo mana, ta kuwa yi ƙarfi a majalisu da gidajen rediyo da wuraren taron siyasa, watau kashe bakin abokin gardama da adadi. Mutum biyu suna muhawara a kan sha'anin talakawa, kowa yana kawo abin da ya gani da idonsa, sai ɗaya ya ɗaga murya ya ce kashi kaza cikin ɗari, ko kuwa mutum miliyan kaza, nan take sai ka ga ɗayan ya yi tsit kamar ruwa ya ci shi. Ba mai ce masa, Malam, wa ya ƙirga, yaushe aka ƙirga, me kuma aka ƙirga? Dalili kuwa shi ne mutanenmu suna girmama abin da ke rubuce, suna kuma jin kunyar a ce ba su iya lissafi ba. Da ku na ke so in yi wannan magana, ku malaman makaranta da malaman ofis, musamman na ƙasar Gumel, daga Ɗanzomo da Sule Tankarkar har Gagarawa da Maigatari, domin ku kuka gaji alƙalamin malaman En'e, kuma daga hannunku yawancin adadin nan ya ke fita kafin ya isa Dutse da Abuja ya zama hujja a bakin manya.

Bari mu fara da abin da dattawan Ɗanzomo suka sani sarai. A zamanin da Gumel ta ke ɗaya daga cikin En'e huɗu na Lardin Kano, tare da Kano da Haɗejiya da Kazaure, kowace shekara malamin haraji ya kan fita da littafinsa ya zauna ƙofar gidan dagaci, masu unguwa su kawo sunayen magidanta da sauran baligai. Abin da ya rubuta shi za a aza wa gari, hakimi ya tattara ya kai Baitulmali. Haka kuma malamin jangali ya kan bi rugage yana ƙirga shanu, kowane kai da kuɗinsa. To, mai karatu, sa kanka a matsayin talakan wannan zamani. Saurayin da ya tasa har ya soma riƙe garma, in malami ya zo sai a ce ai yaro ne. Bafillatanin da ke kiwo wajen Maigatari kuwa, ga iyaka gabansa, in ya ji ƙishin-ƙishin malamin jangali na tafe, sai rabin garke ya kwana a ƙasar da Faransa ke mulki, watau Nijar ta yau. Ban ce mutanen nan miyagu ne ba. Duk inda ƙidaya ta zama hanyar karɓa daga hannun mutum, mai hankali ragewa ya ke yi. Abin lura shi ne ƙidayar 1931 a yawancin Arewa daga irin waɗannan littattafan haraji aka tsamo ta, saboda haka duk abin da aka ɓoye wa malamin haraji an ɓoye wa tarihi.

A 1952 aka yi ƙoƙarin bin gida gida a Jihar Arewa, sauran jihohi kuma aka ƙare nasu a 1953. Aka sami Arewa mutum miliyan 16 da dubu 800, Nijeriya duka kuwa wajen miliyan 30 da dubu 400. Amma talaka bai ga bambanci tsakanin mai ƙidaya da malamin haraji ba, tun da ya ke duka biyu da littafi suka zo, duka biyu kuma dogarin hakimi ne ya rako su. Ga kulle, baƙon namiji ba ya shiga ya ga matan gida. Ga kuma ɗabi'armu ta ƙin a ƙirga wa mutum 'ya'ya, har uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Wanda ya san ƙauye ba sai an gaya masa an bar mutane da yawa a baya ba.

Sa'an nan al'amari ya juya. Tun taron Badun na 1950 wakilan Arewa suka tsaya a kan sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya saboda yawan jama'arsu, aka kuwa ba su. A zaɓen 1959 kujera 312 aka raba bisa yawan mutane, Arewa ta sami 174. Daga nan kowa ya gane cewa kan mutum, wanda da haraji ya ke jawowa, yanzu kujera ya ke jawowa, da rabon kuɗi, da makaranta, da asibiti. Aka yi ƙidaya cikin watan Mayu 1962. Da sakamako ya taru sai aka ga Gabas da Yamma kowace ta ƙaru da wajen kashi 70 cikin ɗari a shekara goma, Arewa kuwa ta tsaya wajen miliyan 22 da rabi. Baturen da ke shugabancin aikin, Mista Warren, ya ce adadin wasu wurare na Gabas an hura shi. Aka ce a koma a duba, da aka duba a Arewa sai ga mutane wajen miliyan takwas sun fito daga inda ba a gan su ba da farko. Rigima ta yi tsanani, Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya soke ƙidayar ɗungum, aka sake wata cikin Nuwamba 1963. Wannan ita ce ta ba da miliyan 55 da dubu 600 da ɗoriya: Arewa miliyan 29 da dubu 800, Gabas miliyan 12 da dubu 400, Yamma miliyan 10 da dubu 300, Tsakiyar Yamma miliyan 2 da rabi, Ikko dubu 665. Firimiyan Gabas, Dokta Okpara, ya ƙi yarda, gwamnatinsa ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba ta da hurumin shiga maganar. Da wannan adadi aka raba kujerun zaɓen 1964, Arewa ta sami 167.

Malaman lissafi, ga aikin allo. Al'ummar da ke ƙaruwa da mutum uku cikin ɗari kowace shekara, wannan kuwa haihuwa ce mai yawa ƙwarai, sai ta yi wajen shekara 24 kafin ta ninka. In muka ɗauki miliyan 30 da dubu 400 muka bi ta da uku cikin ɗari har shekara goma sha ɗaya, ba za mu wuce wajen miliyan 42 ba. Ina sauran miliyan 13 suka fito? Kafin a kai miliyan 55 sai an riƙa ƙaruwa da fiye da biyar cikin ɗari kowace shekara, abin da haihuwa kaɗai ba ta yi. Amsa ba ta wuce uku: ko na 1952 ya gaza, ko na 1963 ya zarce, ko kuwa duka biyu. Ni a ganina duka biyu ne, kuma dalilin ɗaya ne, mutanen da suka ɓuya lokacin da ƙidaya ta ke karɓa su ne suka yawaita lokacin da ta koma bayarwa. Kada kuwa wani ya ce wannan halin wata jiha ɗaya ce. Arewa ta ƙaru da wajen kashi 77 cikin ɗari, Gabas da wajen 72, Yamma kuwa in ka haɗa ta da Tsakiyar Yamma da aka cire daga jikinta, daga miliyan 6 da ɗoriya ta koma kusan miliyan 13, watau ta fi ninki. Har yau in gardamar nan ta tashi, mutumin Kudu ya kan karanto na Arewa ya yi shiru a kan nasa, mutumin Arewa ya karanto na Kudu ya yi shiru a kan nasa, kowanne kuwa gaskiya ya faɗa, rabinta.

Abin da ya biyo baya ba sai an tsawaita ba. Ƙidayar 1973 ta ba da miliyan 79 da dubu 800, Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. Ta 1991, shekarar da aka cire Jihar Jigawa daga Kano, ta ba da kusan miliyan 89, alhali kafin nan masana na ƙasashen waje suna ta rubuta cewa Nijeriya ta wuce miliyan ɗari. Ta 2006 ta ba da miliyan 140, Kano miliyan 9 da dubu 400, Ikko miliyan 9 da ɗoriya, Jigawa miliyan 4 da dubu 300 da ɗoriya. Gwamnatin Ikko ta ce ita tata ƙidayar ta nuna fiye da miliyan 17. Wadda aka shirya yi a 2023 kuwa ɗage ta aka yi. Saboda haka in ka ji an ce yau mutanen ƙaramar hukumar Sule Tankarkar dubu kaza ne, har da ɗarurruwa da gomiya kamar an jera su an ƙirga, ka sani adadin 2006 ne aka ɗauka aka yi ta ninkawa a ofis da wani ƙiyasi. Ba laifi ba ne yin haka, dole ne ma, amma laifi ne a kira ƙiyasi ƙidaya. Maganar kuwa ba ƙarama ba ce, domin cikin kuɗin da a ke rabawa tsakanin jihohi kashi 30 cikin ɗari bisa yawan mutane a ke raba shi.

Akwai kuma tambayar yaushe, wadda mutanen birni ba su cika tunawa da ita ba. Ƙidayar 2006 cikin watan Maris aka yi ta, tsakiyar rani, kuma ƙa'idarta ita ce a ƙirga mutum inda aka same shi. To, ina samarin Ɗanzomo su ke cikin Maris? An gama girbi tuni, an ɗaure gero an sa a rumbu, da yawansu sun tafi cin rani Kano ko Ikko ko Fatakwal. In an ƙirga su can, ƙauyensu ya ragu a takarda, alhali da damina nan za su dawo, matansu da 'ya'yansu kuwa nan su ke shan ruwan rijiya ɗaya. In kuma sun hau mota sun koma gida don a ƙirga su, birnin da su ke kwana wata biyar cikinsa ya ragu. Haka nan wanda ya ƙirga mutanen Maigatari ran Alhamis, ranar da kasuwar dabbobi ke ci, fatake sun cika ta daga Nijar da Kudu, da wanda ya ƙirga ran Asabar, dukansu za su rantse sun ƙirga daidai, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi wannan wuyar ganewa, domin a nan ba sai wani ya ƙara ko ya rage ba. Kalma ɗaya a ke sauya wa ma'ana, sai adadi ya tashi ko ya faɗi. A zamanin Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya yi wa hidima a shekarun 1950, a kan ce kusan duk mutanen Arewa ba su iya karatu ba. Amma ƙidayar 1952 kanta gida biyu ta yi, na masu karatun boko da na masu karatu da baƙaƙen Larabci. Mai son ya nuna Arewa duhu ce sai ya karanto gida na farko ya rufe littafin. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya kuma rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa da ajami, a wannan lissafi jahili ne, yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a aji biyu kuwa mai ilmi.

Wannan gardama ba ta mutu ba, riga ta sake. Shekaru da yawa a kan ce yara miliyan 10 da rabi ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, adadin da hukumar UNICEF ta yi ta ambata. A 2022 sai hukumar UNESCO ta ce wajen miliyan 20. Jaridu suka ɗauka, 'yan hamayya suka ce ga shi abin ya ninka, 'yan gwamnati suka ce ƙarya ce. Alhali babban abin da ya raba adadin biyu shi ne shekarun yaran da aka ƙirga: na farko ya tsaya ga ƙananan yara, na biyu ya haɗa har da waɗanda suka kai shekara 18, 'yan sakandare. Kuma a duka biyu yaron da ke tsangaya yana karatun allo safe da yamma ana sa shi cikin waɗanda ba sa makaranta. Ana iya kare wannan, tun da ya ke ba a koya masa lissafi da boko, kuma zai bukace su. Amma ya kamata mai faɗin adadin ya faɗi haka a fili, domin maganin yaron da ba ya karatun komai dabam, maganin almajirin da ke bukatar a ƙara masa wani karatu a kan nasa dabam.

Dubi kuma maganar rashin aiki. Game da ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum 33 cikin ɗari na masu neman aiki ba su da shi. Game da farkon 2023 hukumar nan dai ta ce 4 ne da ɗigo cikin ɗari. Ba masaƙa aka buɗe ba, ba kuwa gonaki aka raba ba. Ma'auni aka sauya aka ɗauki irin wanda ƙasashen duniya ke aiki da shi, wanda ya ce duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na sa'a ɗaya cikin mako yana da aiki. Bisa wannan, saurayin da ya ja akuya biyu ya kai wa wani kasuwar Maigatari aka ba shi na goro ya fita daga sahun marasa aiki har mako ya zagayo. Hukumar ba ta ɓoye sauyin ba, ta yi bayaninsa. Wanda ya jera 33 da 4 a kan dandamali ya ce ku ga aikinmu, shi ne ya ci amanar masu sauraro. Irin wannan ta faru a 2014, sa'ad da aka sake ma'aunin arzikin ƙasa, dare ɗaya ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa 510, Nijeriya ta zama ta ɗaya a Afirka a wannan lokaci, farashin kwanon gero a kasuwar Gumel kuwa bai san an yi ba.

Sai maganar da ta fi taɓa mu, watau talauci. Tun 2007, sa'ad da Gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Soludo, ya ambaci Jigawa da kashi 95 cikin ɗari, sunan jihar nan bai rabu da wannan jeri ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta yi a 2018 da 2019 ya sa iyakar talauci a kan Naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, watau wajen Naira 376 a yini, ya ce mutum 40 cikin ɗari na Nijeriya suna ƙasa da ita, Jigawa kuwa 87, tana bin Sakkwato da Taraba. A 2022 aka fito da wani, aka ce mutum miliyan 133, watau 63 cikin ɗari. Nan ma aka yi ta cewa talauci ya tashi daga 40 zuwa 63. Ba haka ba ne. Na farko abin da mutum ke ci da abin da ya ke kashewa ya auna. Na biyu kuwa ya duba ko akwai ruwa mai tsabta, da makewayi, da nisan asibiti, da abin da a ke girki da shi, da karatun yara, da wasunsu. Magidancin da ke da rumbu uku da shanun huɗa, amma matarsa da kara ta ke girki, asibiti na nesa, 'ya'yansa ba sa boko, yana iya tsira a na farko ya faɗa a na biyu. Mudu dabam, tiya dabam. Kuma binciken farko gidaje wajen 22,000 ya shiga a faɗin ƙasa, abin da zai iya faɗa game da jiha ne, ba shi da ta cewa a kan Ɗanzomo ita kaɗai. Wanda ya ce maka mutum 87 cikin ɗari na garinku matalauta ne bisa wannan bincike, ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba. Watakila sun fi haka, watakila ba su kai ba.

Amma fa a yi hattara, kada wani ya ɗauki maganata ta zama masa mafaka. Na san akwai masu jiran a ce adadi ba abin dogara ba ne, don su ce ashe Jigawa lafiya lau ta ke, sharrin maƙiya ne. A'a. Ma'auni biyu da ba su yi kama da juna ba, a shekaru dabam dabam, duka sun sa jihar nan kusa da ƙarshe, wannan kuwa ya fi kowane ɗayansu ƙarfin hujja. Wanda ya ga layin mata a bakin rijiya da rani bai bukaci takarda ba. Shugaban da ke rungumar adadi ran da ya yabe shi, ya ce na bogi ne ran da ya kushe shi, ya fi mai hura adadi ɓarna, domin shi ya ke koya wa jama'a cewa ba gaskiya a lissafi sam, sai dai wa ya fi ƙarfin murya. Ƙasa kuwa ba ta gyaruwa ba tare da ƙidaya ba. A 1976, da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, an shirya wa yara wajen miliyan 2 da dubu 300 a aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka zo. Yaran da suka zauna gindin bishiya ba allo ba malami, su suka biya kuɗin ƙidayar da ba a yi daidai ba.

Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, lokacin Gumel tana cikinta, En'e kuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya kawo ƙarshenta. Littafin malamin haraji ya tafi. Amma littafin da ya maye gurbinsa yana hannunku, watau rajistar makaranta, da ta asibiti, da ta haihuwa, da jerin sunayen masu karɓar taki da tallafi. Jarrabawar da ke kanku kuwa irin ta 1963 ce, ta ƙarawa, domin yawan yara a rajista yana jawo malamai da azuzuwa, kuma a shirin ciyar da 'yan firamare da aka soma a 2016 bisa kan kowane yaro aka riƙa lissafin abinci. Na san hujjar da hedimasta ke kawo wa zuciyarsa: makarantar gaba ta ƙara, in ni ban ƙara ba yarana za su cutu. Hujja ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma ka duba abin da ke faruwa. A ce rajistarka ta nuna yara 300, masu zuwa kuwa 180 ne. Sauran 120 suna bayan awaki, ko talla, ko an tura su gabas. Da ka rubuta su suna nan, ka share su daga lissafin yaran da ya kamata a fita nema. Sakataren ilmi zai tara naka da na wasu ya aika Dutse, Dutse ta aika Abuja, wata rana kwamishina ya tsaya gaban jama'a ya ce an ci ƙarfin matsalar a ƙasar Gumel, da takarda a hannunsa mai ɗauke da sa hannunka. Ba mai zuwa wurin dagaci a kan yaran nan 120, ba mai zuwa wurin iyayensu, domin a takarda suna aji suna karatu.